Na rage wa saba cin wuta, aiki ya koma tafiyar hawainiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a Tudun Wada, da saba guda, wato babbar kwamfuta mai yi wa wasu hidima, mai manhajar Proxmox, wadda ke ɗauke da kwamfutoci uku na manhaja a cikinta. Don batirin inbata ya daɗe idan an ɗauke wuta, na shiga BIOS, wato saitin tushe na na'urar, na zaɓi tsarin tsimin wuta. Tun daga ranar, wadda ke riƙe da lissafin shago sai ta yi jim kafin ta amsa, alhali ban rage mata kasonta ba. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kasonta yana nan, abin da ke cikin kason ne ya ragu.

Ka taɓa tsayawa wajen 'yan garuwa a bakin borehol? A ce mai famfo ya ba kowa minti biyar. Idan ruwa na zuwa da ƙarfi, mutum ya cika jarkokinsa ya tura kura. Idan an rage ƙarfin injin, minti biyar ɗin ba su canza ba, amma rabin jarkokin ne za su cika, layi kuma ya yi tsawo. Manhajar da ke masaukin kwamfutocinka uku, wadda ake kira haifabaiza, lokaci take rabawa, ba yawan aiki ba. Xen, wata haifabaiza wadda ta fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, tsohon tsarinta na rabo milisakan 30 yake yanka wa kowane baƙo, wato kowace kwamfutar da ta sauka a cikinta. Taka Proxmox a kan haifabaizar KVM take, wadda ta shiga Linux a 2007, kuma a can kowane furosesan baƙo, wato ƙwaƙwalwar da ke masa lissafi, yana bin layi ne kamar sauran ayyukan Linux.

Tsimin wuta kuwa hanya biyu yake bi. Ta farko rage gudu da ƙarfin lantarki, matakan da ake kira P. Nan ribar take, domin cin wuta yana bin ƙarfin lantarki ninki cikin ninki: ka ɗan rage shi, cin ya faɗi sosai. Ta biyu barci, matakan C. A C1 furosesa gyangyaɗi yake yi, da an taɓa shi ya farka. A C6 ya yi nisa, tashinsa kan kai wajen maikirosakan ɗari ko fiye (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), sannan ya tarar ma'ajiyarsa ta kusa babu komai, sai ya sake ɗebo bayanai. Manhajar lissafi irin taka ƙananan buƙatu take samu, a kira ta, ta amsa, ta kwanta, sau dubbai. Kowane kira sai an buga ƙofa. KVM ta san da wannan, shi ya sa idan baƙo ya ce ba shi da aiki takan ɗan jira har maikirosakan 200 kafin ta bar furosesa ya kwanta, ko wani kiran zai shigo.

Kuskurenka, a ganina, shi ne ka miƙa wa BIOS linzami. BIOS bai san layi ba, bai san wane baƙo ke jira ba. Koma ka zaɓi a bar wa manhajar na'ura ikon sarrafa wuta. Linux tun 2016 tana da mai kula da gudu da ake kira schedutil, wanda ke karɓar labari kai tsaye daga mai rabon lokaci. Idan na'urarka ta ba ka shi, zaɓe shi.

Sannan ka shiga kwamfutar lissafin, idan Linux ce ka buga umarnin top, ka duba lambar da ke gaban st. Wannan shi ne lokacin da ta shirya aiki amma aka bar ta a layi. Idan yana hawa, rage yawan furosesan da ka raba wa sauran biyun. Mutanenmu suna son ba kowane baƙo huɗu huɗu, na'urar kuma huɗun ke gare ta gaba ɗaya.

Ni ma na taɓa yin irin naka a wani ofis a Kawo, cikin zafin Afrilu. Da na sa mitar wuta a soket, sai na ga abin da na tsimta bai taka kara ya karya ba, domin fankoki da faifan ajiya suna shan nasu ko furosesa na gudu ko yana rarrafe. Abin da ya ceci batirin shi ne kashe kwamfutar gwaji da babu mai taɓa ta bayan la'asar. Ka auna taka da mita kafin da bayan canjin, ka aiko mini da lambobin.