Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Winnipeg: Yadda Muke Sauya Kayan Gida Kafin Sanyi Ya Kankama

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa Jami'ar Manitoba da ke nan Winnipeg, a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, ta ba ka gurbin karatu, za ka taho da maiɗakinka da ɗanku a farkon Satumba in Allah ya yarda. Ka tambaye ni ko ya kamata ku cika akwatunanku da rigunan sanyi na gwanjo daga Ƙofar Wambai, da kuma yadda mutum yake yi da kayan zafi da na sanyi a ɗan gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu. Ka ƙara da cewa a ganinka abin ba zai wuce yadda ake yi a gida ba, inda ake zaro bargo da suwaita daga ƙasan akwati idan hunturu ya shigo, a mayar da su idan ya wuce.

Abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. A nan sauya kayan gida tsakanin kaka da hunturu aiki ne mai wa'adi, kuma sanyin ne yake yanke wa'adin, ba mai gida ba. A watan Janairu ma'aunin zafi a Winnipeg yakan sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili da dare, wani lokaci ya kai 30 ko ya zarce, kuma dusar ƙanƙarar da ta sauka a Nuwamba takan zauna a ƙasa har zuwa ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Duk abin da aka bari a baranda ko a tsakar gida ranar da ta fara zama, to ya shiga hannunta har wata biyar. Kada kuma ka ɗauka sai Disamba za ta zo, domin a shekarar 2019 a tsakiyar Oktoba ta sauka da ƙarfi, alhali itatuwa ba su gama zubar da ganye ba, ta karya rassa masu ɗimbin yawa a cikin gari, ta katse wa dubban gidaje wutar lantarki, har gwamnatin lardin ta ayyana dokar ta-ɓaci. Saboda haka iyalai da yawa, har da mu, suna yin wannan aiki a hutun ranar godiya ta Kanada, wadda take faɗowa a Litinin ta biyu ta watan Oktoba. Kai da za ka iso a Satumba, makonni kaɗan ne kawai a gabanka.

Game da gwanjo, ku sayi abin sawa na ciki kawai: suwaita, doguwar singileti mai hannu, wandon ciki mai kama jiki da safa mai kauri. Amma babban kwat da takalmin ƙanƙara ku bari sai kun zo, domin yawancin abin da yake isa kasuwanninmu an ɗinka shi ne don sanyin da bai kai na nan ba, kuma zai cinye muku kilo 23 ɗin da yawancin jirage suke ba kowane akwati. A nan ma akwai shagunan gwanjo irin su Value Village da na Salvation Army, akwai kuma masu sayar da kayansu ta intanet a shafukan Kijiji da Facebook Marketplace, kuma wanda ya je a Satumba yakan sami zaɓi fiye da wanda ya jira Nuwamba. Duk abin da kuka saya na hannu, a wanke shi a kuma busar da shi a injin busarwa da zafi sosai kafin ya shiga ɗakin kwana, saboda kuɗin cizo. Katifa da kujerar zama ta hannu kuwa ba na ba ku shawarar ɗaukarsu ko da kyauta ne.

Matsalar gidan haya ita ce wardirop ɗaya ne ko biyu, kuma kwat uku na mutum uku sun isa su cike rabinsa. Dole kayan zafi su ba da wuri. Abu na farko shi ne kada a ajiye komai sai an wanke shi ya bushe ƙarau, domin ɗan maiƙo ko gumin da ido bai gani ba a Oktoba shi ne yake zama tabo mai ruwan ɗorawa a Afrilu, shi ne kuma yake kiran ƙwari. Ku sayi akwatunan roba masu murfi, waɗanda ake hango abin da ke ciki sun fi, ku rubuta abin da kowanne ya ƙunsa a gefensa, ba a kan murfi ba, tunda ɗora su za a yi a kan juna. Kwali ba abin dogaro ba ne, domin yana shan danshi, ɓeraye kuma suna cinsa su yi sheƙa a ciki, kuma daidai lokacin kaka ne suke neman hanyar shiga gidaje don gudun sanyi.

Kayanmu na gida suna da nasu hukuncin, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali, domin babu maƙwabcin da zai koya maka. Shadda da yadi da atamfa ba a cusa su a ledar nan da ake zuƙe iskarta don ta motse, domin karin da zai kama shadda bayan wata biyar a matse, guga ba ya fitar da shi cikin sauƙi, kuma babu mai bugu a kusa da zai dawo mata da sheƙinta. A linke babbar riga a bisa karinta na asali, aikin wuyan yana ciki, a naɗe ta a tsohon zane na auduga mai tsabta, a shimfiɗa ta a saman akwati ba a ƙasa ba. Kayan da za su daɗe a ajiye kada a sa musu sitaci, saboda akwai ƙwarin da sitacin suke bi. Sai ranar da za a sa su a yi musu. Huluna a cusa musu takarda a ciki don kada su lotse, a ba su ƙaramin akwatinsu daban. Takalman fata a goge su a shafa musu mai kafin a ajiye, domin iskar cikin gida idan an kunna na'urar ɗumama ɗaki tana bushewa kamar ta tsakiyar hunturun Kano, tana fasa fata yadda take fasa leɓe da dunduniya. Kada kuma ku binne kayan salla a ƙarƙashin komai, domin daga 2026 zuwa 2028 ƙaramar salla tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Fabrairu da watan Maris, lokacin da ƙanƙara take nan daram. Za ka sa babbar rigarka a kan kayan ɗumi, ka ɗora kwat a kai har ka isa wurin idi, saboda haka saiti ɗaya na kowa ya zauna a inda hannu zai kai.

Akwai abin da nake roƙonka a kai: kada ku zuba kafur a cikin kaya yadda iyayenmu suka saba. Gidajen nan a rufe suke ruf tsawon hunturu, tururinsa ba ya fita, kuma irin wanda aka yi da sinadarin naftalin yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin yaran da suke da ƙarancin sinadarin da likitoci suke kira G6PD, larurar da take da yawa a cikin mutanen Afirka ta Yamma, wadda da yawa ba su ma san suna da ita ba. Ga kuma yaro mai rarrafe da zai iya ɗaukar ƙwayar ya kai baki. Wanki mai kyau da murfi mai rufuwa sosai sun wadatar wajen kare kayan ulu daga asu.

Yawancin gidajen bene suna ba kowane mai haya wani ɗan keji na ajiya a ɗakin ƙasa. Can ne wurin fanka, da na'urar sanyaya ɗaki wadda dole a ciro ta daga taga a tsiyaye ruwanta, da keken yaro, da kujerun baranda, da akwatunan tafiya, waɗanda su ma kada a bar su wayam, a cika su da kayan zafi. Sai dai kada a ajiye komai a kan siminti kai tsaye, a ɗora shi a kan katako ko kanta. Winnipeg shimfiɗaɗɗen gari ne a bakin Kogin Red, ya sha ambaliya a 1950 da 1997, kuma ko a shekarar da kogin bai yi ɓarna ba, narkewar ƙanƙara a bazara takan sa ruwa ya tsattsafo a ɗakunan ƙasa. Fasfo da takardun makaranta da Alƙur'ani da littattafai da shaddar da ka fi ji da ita, waɗannan ba sa sauka can ko kaɗan.

Abin da yake da ruwa a cikinsa shi ne sanyi ya fi lalatawa, domin ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa abin da ya riƙe shi. Kwalbar lemo da aka manta a baranda ko a but ɗin mota, da tukunyar fure ta yumɓu, da fenti, da mesar ban ruwa, duk haka suke ƙarewa. Idan gida mai tsakar gida kuka samu, a cire mesar a tsiyaye ta, a rufe famfon waje daga ciki. Kada kuma a bar taga a buɗe a fita, domin bututun ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashinta yana iya daskarewa ya fashe, ruwa ya sauka har gidan maƙwabcin da ke ƙasa, kuma mai hayar ake bi bashin gyara. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake ganin inshorar mai haya ta cancanci ɗan kuɗin da ake biya mata.

Sai maganar kasko da gawayi, wadda nake so maiɗakinka ta karanta da idonta. Abin gasa nama da tukunyar gas ɗinsa ba sa shiga cikin gida ko ɗakin ƙasa, kuma gidajen haya da yawa ba sa yarda da su ko a baranda. Gawayi kuwa ba a hura shi a cikin ɗaki ko da wuta ta ɗauke, ko da sanyi ya kai inda ya kai, domin yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum ciwon kai da barci, daga nan ba ya tashi. A gida iska tana shiga ta ƙofa da taga, duk da haka ana rasa rayuka ta wannan hanya a lokacin sanyi, balle a nan da aka toshe kowace kafa. Turaren wuta a sa shi a kaskon lantarki, kaɗan-kaɗan, nesa da na'urar gano hayaƙi, kuma kada wani ya cire wa na'urar batir don ta daina ƙara. A Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma mutane sun saba a ranar ne suke gwada waɗannan na'urori su sauya musu batir.

Kayan miya irin su kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji a juye su a kwalabe masu murfi, a nesanta su da na'urar ɗumama ɗaki. Daddawa ma firiza ta fi dacewa da ita, don ƙamshinta kada ya kama kwat ɗin da za ka shiga aji da shi. Ku bayyana wa jami'an kwastan duk abincin da kuka ɗauko, kilishi da dambun nama kuwa ku bar su a gida, domin ba a yarda a shigo da su ba.

Da an kwashe kayan zafi, bakin ƙofa shi ne ya zama wuri mafi muhimmanci a gidan. Ana yayyafa gishiri da yashi a kan hanyoyi, takalmi yana kwaso su tare da ƙanƙara, su narke su bar farin tabo a daɓe da kafet. Ku sa faffadan faranti na roba a bayan ƙofa don takalma, da maratayi ƙasa-ƙasa wanda yaro zai iya kaiwa, da kwando ɗaya na hulunan sanyi da safar hannu da mayafin wuya. Safar hannun yaro ku sayi fiye da ƙafa ɗaya, domin ɓacewa take yi kullum, kuma wadda ta jiƙe da yamma ba lalle ta bushe kafin safiya ba. A jakarka ta makaranta ka sa ƙaramar dadduma, tunda a ƙarshen Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba duk za su same ka a waje.

Mota ba na jin za ka saya a shekarar farko, amma idan ka saya, ana sa tayoyin hunturu ne da zarar ma'auni ya zauna ƙasa da digiri 7. A lardin Kebek doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Manitoba ba tilas ba ne, sai dai ban ga mai iyali da ya kamata ya yi wasa da su ba. Tayoyin da aka cire a rubuta wa kowace gurbinta da alli, a ajiye su inda babu rana babu zafi, ko a biya gareji ya riƙe su. Sannan a fito da igiyar lantarkin da ake jona injin mota da ita da dare don ya tashi da safe, a sa bargo da ƙaramin shebur da wayar tayar da batir a but.

Kafin ka sa hannu a kowace yarjejeniyar haya, ka tambayi mai gidan ko akwai wurin ajiya a ƙasa, ko kuɗin ɗumama gida yana cikin kuɗin haya, da kuma abin da aka yarda a bari a baranda. Ka turo min amsoshin da suka ba ka tare da lambar takalmin kowannenku, in fara duba muku tun yanzu. Ka gaishe min da Hajiya da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'arsu. Allah ya kawo ku lafiya.