Tafiyar kwanaki a keke gefen Canal du Midi

Malam, ka tambaya ko wanda bai saba doguwar tafiya a keke ba zai iya bin Canal du Midi. Zai iya ƙwarai. Wannan hanyar ruwa ta kudancin Faransa, wadda aka buɗe a 1681, kusan kilomita 240 ce daga birnin Tuluz zuwa tafkin Thau, kuma shimfiɗe take. Kwana biyar ko shida sun wadatar.

Sai dai ka nemi keke mai kaurin taya. Bayan garin Castelnaudary akwai wuraren da ba kwalta, saiwoyin itatuwa sun ɓullo suna jijjiga mutum, in an yi ruwa kuma taɓo ne. Ka kwana a Karkason don ganuwarta. Gonakin inabin yankin Minervois da ke kan hanyar na giya ne, amma ko ba ka sha, ka je a Satumba: zafi ya sauka, inabi ya nuna, ana ta tsinka.