Ruwa ya ci gida, ya ci shago: wanne zan fara tayarwa?

Wani ɗan kasuwa a Maiduguri, mai sayar da kayan masarufi, ya aiko mini da tambaya. Ya ce lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shiga gidansa a Gwange har ya kai taga, ya kayar da katanga, ya tsaga ɗaki biyu. A shago kuma shinkafa da sukari da fulawa duk sun tafi. Abin da ya rage masa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne a banki, ga bashin dubu ɗari takwas na dilan da ke turo masa kaya daga Kano. Iyalinsa suna zaune gidan yayansa. Ya ce: "Na rasa ta inda zan kama. In gyara gida in dawo da iyalina, ko in zuba kaya a shago, ko in ci bashi in yi duka biyun?"

Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Rabon da Maiduguri ta ga irin wannan ruwa tun 1994, don haka ba ganganci ka yi ba, kada ka tsaya zargin kanka.

Amsata ba za ta yi maka daɗi ba: shago za ka fara tayarwa. Na san nauyin da magidanci yake ji idan matarsa da 'ya'yansa suna kwana a ɗakin wani, ko da ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Amma kuɗin da ka zuba a bulo da siminti ya kwanta ke nan, ba zai haifi ko sisi ba. Idan ka cinye miliyan ɗin a gyaran gida, za ka dawo da iyali gida mai kyau, tukunya babu abin ɗorawa, shago a rufe, dila yana kiran waya. Shagon nan shi ya gina gidan tun farko.

Akwai kuma dalilin da ba na kuɗi ba. Bangon da ya sha ruwa kwana da kwanaki ba ya bushewa da wuri. Ka yi masa filasta da fenti yanzu, kafin wata uku za ka ga ya kumbura yana ɓarewa, ka biya magini sau biyu. Ka buɗe ƙofofi da tagogi, ka kwashe taɓo, ka bar iskar hunturu ta yi maka aikin kyauta. Abin da ba zai jira ba kaɗan ne: magini ya duba tsagar nan ya gaya maka ko ta kai tushe, mai gyaran wuta ya duba waya kafin a kunna komai, a gyara salga, a yashe rijiya idan akwai, domin ruwan ambaliya ya gauraya da na masai kuma ta nan kwalara take shigowa. Katanga kuwa, langa-langa ko zana za ta rufa maka asiri zuwa bazara. Ni da zan ware wa wannan duka abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba.

Sai maganar dila, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙarka, ko da yake a ƙarshe ka sako ta. Kada ka jira ya neme ka, kuma kada ka kashe waya. Ka hau mota ka je Kano ka same shi ido da ido. Ka tafi da hotunan shagon da takardar da ka rubuta abin da ya lalace, buhu nawa, katan nawa, a kan nawa ka saro. Ka ajiye masa wani abu a gaba, ko da dubu ɗari da hamsin ne, ka roƙi a raba sauran wata-wata, sannan ka nemi ya ci gaba da ba ka kaya kaɗan-kaɗan, kana sayarwa kana turo kuɗi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi ma dilan wani yana binsa, kuma ya san idan ka durƙushe kuɗinsa sun tafi gaba ɗaya. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin matsi har ya samu sauƙi, amma kada ka je kana ja masa aya, ka bar shi ya tuna da kansa. Duk abin da kuka yanke a rubuta, da shaidu biyu.

Bashin da kake tunanin ci, musamman irin na manhajojin waya da suke turo saƙo suna cewa kuɗi cikin minti biyar, ka yi nesa da shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma wannan takobin ne. Ribar buhun shinkafa ba ta kai kuɗin ruwan da za su ɗora maka ba, ga tozarci idan ka makara. In dole sai ka nemi ƙari, ka roƙi 'yan adashenku su ba ka kwasar farko, ko ka nemi ɗan'uwa ya sa kuɗi ku raba riba.

Da za ka zuba kaya, kada ka ce sai shago ya cika kamar da. Masu saye a hannunka su ma ruwa ya ci su. Wanda a da yake ɗaukar buhu yanzu mudu zai auna. Ka saro abin da ke fita kullum: sabulu, omo, gishiri, magi, taliya, man girki a ƙananan robobi, maganin sauro. Riba kaɗan, juyi da yawa.

Kayan da ruwa ya taɓa kuma, abinci ne ko magani, ka zubar. Ka ga yadda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta rufe kasuwar magani ta Gamboru saboda wasu sun wanke magungunan da ruwa ya jiƙa, sun shanya a rana za su sayar. Shinkafar da ta kwana a ruwan kwata ba ta zama mai kyau don ta bushe. Yaro ɗaya ya kwanta saboda kayanka, unguwa ba za ta manta ba.

Ba ka ambaci littafin bashinka ba, amma na tabbata akwai shi, kuma na tabbata ya jiƙe. Kada ka fizge shafukan. Ka shanya shi a inuwa, ka riƙa ɗaga su a hankali, kowane shafi ka ɗauki hotonsa da waya tun biro bai gama wankewa ba. Ma'aikatan da albashinsu yana shiga, ka bi su a natse ƙarshen wata. Maƙwabcin da ya fito da rigar jikinsa kawai, ka ƙyale shi tukuna. Takardun kuɗin da suka lalace a aljihun tebur, ka kai banki a canza maka. Idan takardun gida sun ɓata, ka yi rantsuwar kotu ka nemi kwafi yanzu, tun shaidu suna kusa.

Tallafi kuwa, ka tabbata sunanka ya shiga rajistar hukumomin agajin gaggawa na jiha da na ƙasa, SEMA da NEMA, ta hannun bulamanku, ka kuma sanar da ƙungiyar kasuwarku. Amma kada ka sa shi a lissafi. In ya zo, ya tafi ga katanga.

Idan shago ya fara numfashi, duk yamma ka cire wani abu daga ciniki, ko dubu biyu ne, ka jefa a asusu daban da sunan gida. Ka sa a yi maka kanta mai tsayi, buhu ya daina kwana a ƙasa. Sannan ka je ka tambayi masu takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz da Noor, nawa ne a shekara a kan kayan shago, kuma ka sa su nuna maka a rubuce cewa ambaliya tana ciki, ba gobara kaɗai ba.

Yau da daddare ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata wannan lissafin, ku sa watan komawa tare. Ka kuma kai wa yayanka ko rabin buhu ne daga kayan farko da za ka saro.