An Ce Mace Ba Ta Zama a Zauren Sulhu

TAMBAYA: Malama, a unguwarmu nan Tudun Wadan Zariya samari sun yi faɗa har aka sari mutum biyu. Mai unguwa ya kafa kwamitin sulhu, maza zalla. Da na nemi a sa mu, sai aka ce addini ya hana mace zama a zaure. Ɗana na cikin yaran, barci ya ƙaurace mini. Ina mafita?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Wannan magana ta "addini ya hana" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai na ji ta, kuma mai faɗinta ba ya kawo aya ko hadisi. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sharuɗɗan sulhu suka yi wa sahabbai nauyi suka kasa tashi, Ummu Salama ce ta shawarci Manzon Allah (SAW) ya fita, kada ya yi wa kowa magana, ya yanka hadayarsa, ya yi aski. Yana yi kowa ya bi. To wane mai unguwa ne ya fi ƙarfin shawarar mace? Abin da addini ya tsara shi ne sutura da ladabin zama, wannan kuwa labule ko tabarma daban ta wadatar.

Kuma maganar tana da haɗari. Uwa ce ke ganin wuƙa a ƙarƙashin katifa, ita ke wanke rigar da ta sha jini, ita ke jin jita-jitar da ke yawo a gidan biki da WhatsApp tun kafin ta isa majalisar dattawa. In aka bar ta a waje, sai maza su sha hannu, a yi fatiha a watse, ramuwar gayya na nan kwance. Zariyar da ta ɗanɗana tarzomar 1987 da rikicin bayan zaɓen 2011 bai kamata ta yi wasa da wannan ba.

A takarda kam komai ya ji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1325 kan sa mata cikin harkokin sulhu da tsaro a 2000, Najeriya ta fitar da tsarin aiwatar da shi a 2013, jihar Kaduna ta kafa hukumar zaman lafiya a 2017. Amma na gaji da taron otal, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota, matar lungu ba ta ma ji labari ba.

Kada ki jira gayyata. Fara da shawo kan maigida, sannan ki tara iyayen yaran ɓangarorin biyu a islamiyya. Ku bi ta hannun uwargidan mai unguwa ko ta liman, ku nemi kujera biyu, a riƙa zama bayan la'asar maimakon bayan isha'i, kuma a ɓoye sunan duk wadda ta kawo rahoto. Shi kuwa ɗanki, ki zaunar da shi yau ɗin nan, ki ji su wa yake bi.