Gwanki 26, Awo Bakwai: Me Ya Sa Malamina Ya Ƙi Lissafina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen gandun daji da namun dawa. Wani likitan dabbobi ya ba ni bayanan gwanki 26 da aka taɓa sa wa barci aka ɗora a sikeli, kowanne da awo bakwai: kewayen ƙirji, tsawon jiki, tsayin kafaɗa, kewayen wuya, tsawon kai, tsawon ƙaho da tsawon ƙafar baya. Ina so in fitar da lissafin da za a riƙa gane nauyi da shi ba sai an nemo sikeli ba. Na zuba awon duka a kwamfuta na yi rigireshan, R², wato ma'aunin yadda lissafin ya dace da bayanan wanda cikarsa 1 ce, ya fito 0.97, har na fara murna. Sai malamin da ke duba aikina ya dawo mini da takardar, ya zagaye lambar wuya da jan biro don ta fito da alamar ragi, ya ce yaya za a yi kaurin wuya ya rage wa dabba nauyi? Ina kuskuren yake, kuma wane awo zan riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminka ya yi gaskiya, amma kai ma wahalarka ba ta faɗi ƙasa banza ba. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, abin da ka tambaye ta shi ta amsa. Kai ne ka tara mata shaidu bakwai masu baki ɗaya, ka ce ta raba musu lada.

Ka taɓa tsayawa kusa da dillali a kara, ko a Potiskum ko a Maigatari? Zai zagaya sa sau ɗaya, ya dubi cikar ƙirji, ya dubi tsawon baya, ya dafa kwankwaso, ya faɗi abin da zai yi a hannun mahauci, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Ba ya auna kunne, ba ya auna wutsiya. Shekaru sun koya masa inda nama yake zama. Rigireshan mai awo da yawa ƙoƙari ne na sauko da wannan ido a kan takarda, yadda wanda bai yi shekara talatin a kara ba shi ma zai iya.

Ga yadda yake aiki. Kana ce wa kwamfuta: nauyi daidai yake da wata lamba ta tushe, a tara da kewayen ƙirji sau wata lamba, a tara da tsawon jiki sau wata lamba, haka har awo na ƙarshe. Ita kuma sai ta lalubo lambobin da za su sa giɓin da ke tsakanin hasashe da abin da sikeli ya nuna ya zama mafi ƙanƙanta, bayan an ninka kowane giɓi da kansa an tara. Dabarar tsohuwa ce, Bafaranshe Legendre ya wallafa ta tun 1805. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne ma'anar kowace lamba. Lambar wuya ba tana cewa "masu kaurin wuya sun fi sauƙin nauyi" ba ne. Cewa take yi: in ƙirji da tsawo da tsayi da kai da ƙaho da ƙafa duk suka tsaya cak, wuya kaɗai ya ƙaru da santimita ɗaya, ga abin da zai sami nauyi. To, ina ka taɓa ganin gwankin da wuyansa kaɗai ke girma? Babu shi a daji, babu shi a cikin bayananka. Dabba in tana girma, ko'ina girma yake yi. Saboda haka kwamfuta ba ta da hanyar sanin rabon wuya daban da na ƙirji; sai ta cika wa wannan mudu har ya zuba, ta rage wa wancan don jimla ta daidaita. Daga nan alamar ragin ta fito.

Ka gwada da kanka. Cire gwanki biyu, ko waɗanne, ka sake lissafin. Za ka ga lambar wuya ta yi tsalle, wataƙila ma ta juya ta koma tarawa, alhali hasashen nauyin bai wani motsa ba. Manhajojin lissafi suna da ma'aunin wannan cuta, VIF suke rubuta shi. Awon da nasa ya haura 10 maimaici ne, wasu ma daga 5 suke fara tsarguwa. Akwai kuma wani abin da nake zargi: a gwanki namiji ya fi mace kaurin wuya da ƙaho, don haka mai yiwuwa wuyan yana ta ƙoƙarin gaya maka jinsin dabbar ne a fakaice. Ka ba jinsi layinsa, 1 ga namiji, 0 ga mace, ka sallami wuya.

Shi kuwa 0.97 ɗin nan, kada ya ruɗe ka. R² ba ya taɓa raguwa in ka ƙara awo, ko da lambar takalmin mai riƙe tef ka ƙara. Da za ka ba dabbobi 26 layin awo 25, ko shirme ne a ciki, R² zai cika 1 cif. Al'adar masu wannan aiki ita ce kowane awo ya sami dabba 10 zuwa 15 a bayansa. Da 26, awo biyu ne rabonka, uku in an matsa.

Waɗanne biyu? A nan ne nake so ka ajiye kwamfuta ka yi tunani irin na mai awon hatsi. Gangar jikin dabba kamar durom take a kwance. Abin da durom ke ci ya dogara ga faɗin bakinsa da tsawonsa, faɗin baki kuwa yana tafiya ne da kewaye sau kewaye. Shi ya sa tsohon lissafin Schaeffer na shanu yake cewa: ninka kewayen ƙirji da kansa, ninka da tsawon jiki, raba da 300, in ka yi awo da inci, amsa ta fito a fam. In da santimita ne kana son kilo, sai ka raba da wajen 10,840. Masu dawaki ma irinsa suke amfani da shi, sai dai nasu abin rabawar ya kusa 11,900. A ƙaddara saniya mai ƙirji 160 da tsawo 130: 160 sau 160 sau 130 ya ba da 3,328,000, a raba, kilo 307 ke nan. Yanzu ka sassauta tef ɗin ya nuna 165. Amsa ta koma kusan 327. Santimita biyar kacal ta haifi kilo 20. Ka ga ke nan hannun mai awo ya fi yawan awo muhimmanci.

Wannan ba a shanu kaɗai ya tsaya ba. Akwai sanannun bayanai na beyar, dabbar nan mai gashi ta ƙasashen sanyi, waɗanda masanin namun daji Gary Alt ya tattara a Amurka, ana koyar da ɗalibai rigireshan da su. A can ma an auna kai da wuya da tsawo da ƙirji, kuma ƙirji shi kaɗai ya ɗauki fiye da kashi 90 cikin 100 na bayanin nauyi. Sauran ciko ne.

Tunda nauyi ninki ne ba tari ba, lissafin tarawa kai tsaye yana da aibi. Miƙaƙƙen layi ne aka shimfiɗa a kan abu mai lanƙwasa. A tsakiya zai yi daidai, a gefe biyu ya kauce, har ka ga ya ba ɗan maraƙi nauyin da bai kai sifili ba. Maganin shi ne ka ɗauki log na nauyi, log na ƙirji, log na tsawo, sannan ka yi rigireshan a kansu, domin log yana mayar da ninki ya zama tari. A manhajar R, wadda kyauta ce, layi ɗaya ne:

lm(log(nauyi) ~ log(kirji) + log(tsawo) + jinsi)

A Excel ma kana iya yi, ka buɗe sababbin layuka na log ka kira LINEST. Daɗin wannan hanya, tana zuwa da abin binciken kanta. In tunanin durom ɗin nan gaskiya ne, lambar ƙirji za ta faɗo kusa da 2, ta tsawo kusa da 1, jimlarsu kusa da 3. Ba lallai su zauna daram ba. Amma in ka ga 5, ko ka ga ragi, koma ka duba takardun likitan. Sau da yawa wani ne ya rubuta inci a gurbin santimita, ko aka sauya inda ake ɗora tef. In ka zo mayar da amsa daga log zuwa kilo, hasashen kan ɗan gaza kaɗan. Akwai ƙaramin gyara da ake ninkawa, amma in lissafin ya matse da kyau, gyaran ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari.

Saura gwaji, kuma nan ne aikin ɗalibai da yawa ke yin rauni. Ba a ba mutum jarrabawa da tambayoyin da ya riga ya ga amsarsu. Lissafin da aka gina da gwanki 26 dole ya yi kyau a kan waɗannan 26 ɗin. Abin da muke son sani shi ne na 27. Tunda ba ka da shi, sai ka ƙirƙiro shi: ware gwanki ɗaya, gina lissafi da 25, yi hasashen wanda ka ware, rubuta kuskuren da kilo, mayar da shi, ware na gaba, har sau 26. Yi wa lissafinka mai awo bakwai haka, yi wa mai ƙirji da tsawo, yi wa mai ƙirji tilo. Ba zan yi mamaki ba in ƙaramin ya kayar da babban. Kuma in tsawo bai rage kuskure da abin a zo a gani ba, ni da ƙirji kaɗai zan tafi, ba kunya.

Dalilina ba na lissafi ba ne kawai. Dabbar da aka harba wa allurar barci mintoci ake ƙirga mata. Gwanki mai tuƙa ne. In ya daɗe a kwance ta gefe, ciki kan kumbura, abinci kan iya dawowa ya shaƙe shi, shi ya sa ake durƙusar da shi a kan ƙirji ana tallafe da kai. Raƙumin dawa ya fi haka hatsari: da ya faɗi ake ba shi makarin maganin, sauran aikin da igiya da ƙarfin mutane ake yin sa. Ka tuna raƙuman dawa takwas da aka kwasa daga yankin Kure zuwa Gadabeji a Nijar a 2018. A irin wannan rana babu mai ba ka lokacin auna tsawon kai. Giwar Yankari kuwa, wadda toronta kan kai tan biyar, wane sikeli za ka rataya ta a kai? Duk awon da ka saka a lissafinka, ka ɗora wa wani aikin durƙuso a gefen dabbar da ke iya farkawa.

Na san za ka ce, ai kafin a auna an riga an yi harbin, to ina amfanin? Gaskiya ne, allurar farko da ido likita ke ƙiyasta ta, kamar dillali. Magunguna irin su etorfin kuwa ƙarfinsu ya kai ɗan kaɗan ya kashe mutum, ba abin wasa ba ne. Tef ɗin yana zuwa ne daga baya: ya gaya wa likita nawa ya bayar a kan kowane kilo, ya daidaita masa sauran allurai, ya wasa masa ido saboda gobe. Yana kuma ba masu kula da daji damar kwatanta ƙibar garke daga shekara zuwa shekara.

In ka zo rubuta sakamako, kada ka ba da lamba guda kamar daga sikeli ta fito. A ce matsakaicin giɓinka, tsakanin hasashe da sikeli, a ma'aunin log ya fito 0.06, wannan kusan kashi 6 cikin 100 ke nan, kuma tazarar hasashen dabba ɗaya ta kai wajen ninki biyu na haka. Gwankin da ka ce 270 ne, faɗi gaskiya: tsakanin 240 da 305. Ka kula, manhaja tana ba da tazara iri biyu, ɗaya ta matsakaicin nauyin duk dabbobi masu wannan awo, ɗaya ta dabba guda. Ta farkon ta fi ƙunci, ta fi kyau a ido, amma ba ita likita ke buƙata ba.

Sannan ka rubuta iyakar lissafin ɓaro-ɓaro: ƙirji mafi ƙanƙanta da mafi girma a cikin bayananka. In duk manya ne, ba ruwansa da 'yan maruƙa. In a gidan zu aka auna su, suna cin dusa a inuwa, kada a ɗauka ya hau kan na daji. Kada kuma a ara wa ɓauna ko kanki, kowa da ƙirar jikinsa. Ka bayyana inda tef ke bi: ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, a ja ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba, tsawo daga gaɓar kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, ba daga hanci ba.

Kafin ka koma wurin malaminka, ka kira likitan nan ka tambaye shi abu biyu: a wane wata aka auna kowace dabba, kuma cikin matan akwai masu ciki? Gwankin ƙarshen damina da na watan Afrilu ƙashinsu ɗaya, amma sikeli ba zai ba su lamba ɗaya ba. In watannin suna rubuce, ka zana giɓin kowace dabba a kan takarda, na rani da jan biro, na damina da shuɗi. In launukan suka rabu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to ka sami awonka na uku, kuma shi ba ya buƙatar tef.