Tambayi Bakanike: Ina zan kai a-kori-kurata juye?

Assalamu alaikum Baba. Ina da a-kori-kura ƙirar Hilux ta 2008, mai shan fetur, wadda mahaifinmu ya bar mana. Da ita nake ɗauko masara daga Saminaka, in babu lodi kuma in yi jigilar bulo da siminti a cikin gari. Lokacin juyen baƙin mai ya yi, kaina kuma ya ɗaure. Na je kamfanin dillalan mota, kuɗin da suka yanka mini ya ninka na bakin titi sau uku. Masu rumfa a bakin titi sun ce in ba da rabin kuɗin galan su zuba mini na duro, har da filta. Ƙanena kuwa cewa ya yi asara ce in biya kowa, wai ya ga yadda ake yi a waya, sifana ɗaya ta isa. Wanne zan bi?

Mai karatu daga Rigasa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Maganar kamfani gajera ce, bari mu sallame ta. Sabuwar mota mai garanti, wanda yawanci shekara 3 ne ko kilomita 100,000, dole mai ita ya riƙa kai ta can, domin ranar da inji ya samu matsala littafin sabis za su fara buɗewa, in babu hatiminsu a ciki su ce babu ruwansu. Taka ta wuce wannan tun kana makaranta. Abin da kuɗinka zai saya maka a can shi ne tabbacin mai da filta na asali, a kuma ɗaga motar a duba ƙarƙashinta da kyau. In ka samu sarari bayan kaka, ka kai ta sau ɗaya a shekara, ba laifi. Sai dai kada ka zaci ogan nan mai farar riga ne zai kwance noti. Yaro ne zai kwance, kamar yadda ake yi a garejina. Ragowar kuɗin na hayar gini ne da sanyin ɗakin jira.

Bakin titi kuwa, a nan gizo ke saƙa, kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai gidajen mai masu ramin sabis da ke buɗe galan sabo dal a gabanka, da waɗannan ba ni da rigima. Wanda nake ja maka kunne a kansa shi ne na duro, wanda ake aunawa da kwalba ko gwangwani, babu suna babu lamba.

Baƙin mai na kirki abu biyu ne aka haɗa. Akwai gundarin man, sannan akwai sinadaran da ake zuba masa: mai wanke dattin inji ya riƙe shi har ranar juye, mai hana ƙarfe cin ƙarfe, mai hana tsatsa, mai hana kumfa. Sinadaran nan su ne tsadar. Da yawa daga abin da ke cikin duro gundarin ne zalla, wani ma tsohon mai ne aka tace aka gyara masa launi. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha yin gargaɗi kan jabun baƙin mai, amma ba ta iya tsayawa a kan kowace rumfa daga Kawo zuwa Kakuri. Mai rumfa zai ɗiga maka shi a yatsa, ya ce murza ka ji kauri Alhaji. Kaurin da yatsa ke ji a inuwa ba shi ne kaurin da inji ke gani ba idan ya ɗau zafi, kana hawan tudu da buhu ashirin a baya.

Shekarun baya wani abokin cinikina, mai irin motarka sak, ya shekara biyu yana shan wannan arahar. Ran nan aka jawo masa ita da igiya daga hanyar Zariya, inji ya buga. Da muka cire murfin saman injin, abin da na gani ba mai ba ne, wani baƙin abu ne kamar kwaltar da ta kwana, da cokali muka riƙa kankarewa. Rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe saura 'yar ƙofa kamar ƙwayar gero. Mital, wato ƙarfen da karanshaf (babbar sandar inji) ke juyawa a kansa, ya narke, karanshaf ɗin ma ya ci. Yana tsaye yana salati, ni kuma ina lissafi a zuci: abin da ya tara na rangwame a shekara biyun bai kai kuɗin tura karanshaf wurin masu gogewa ba, balle sauran kayan da muka yi ta zarya Panteka muna nema. Ga wata guda mota a kwance, lokacin kaka.

Mu da muka koyi aiki a kan 404 da 504, zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake cika garin nan da su, mun taso da imanin cewa mai kauri shi ne mai. Injinan wancan lokaci suna da haƙuri. Naka mai VVT-i ne, ƙarfin bugun mai ne ke juya masa lokacin buɗe bawul, ta wasu 'yan hanyoyi ƙanana masu 'yar rariya. Datti kaɗan ya ishe su. Saboda haka ka karanta jikin galan. Lambobi irin 15W-40 ko 20W-50: ta farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyin safiya, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Littafin motarka ne zai faɗa maka waɗanda suka dace, ba mai shago ba. Sai ka nemi inda aka rubuta API, wato alamar ajin ingancin man. Wanda ya fara da S, kamar SL ko SN, na fetur ne. Wanda ya fara da C, kamar CI-4, na dizal ne. Wasu galan suna ɗauke da duka biyun.

Ga wani wurin da ake cutar mutane ido na ganin ido. Injinka yana shan wajen lita 5 da rabi in an canja filta, galan ɗin da ya fi yawa a kasuwa kuma lita 4 ne. Wani zai juye maka galan ɗaya ya rufe bonet ya yi shiru, wani kuma ya cike giɓin da na duro. Ka sayi galan da ƙarin lita biyu, ragowar ka ajiye bayan kujera don ciko. Filta ma haka. Na taɓa yanka jabu biyu da zarto don yarana su gani, takardar ciki ba ta fi ta kunshin ƙosai ƙwari ba, ɗaya ma babu robar da ke hana mai zurarewa in an kashe mota. Irin wannan ce ke sa ka ji inji yana ƙaf-ƙaf da asuba kafin mai ya hau.

Shawarar ƙanenka ba shirme ba ce, juye ba wani sihiri ba ne. Ka ɗan ɗumama inji, ka kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye, ka cire filta, ka tabbata tsohuwar robarta ba ta manne a jikin inji ba, ka shafa wa sabuwar mai a baki ka ɗaure da hannu kawai. Amma abu biyu wayar ba za ta koya masa ba. Na farko hannu: sabon shiga yakan ɗaure notin ƙasa kamar yana ɗaure taya, zaren ya cinye, daga nan sai ɗiga har abada ko sayen sabon kasko. Na biyu rai. Kada ɗayanku ya kuskura ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, musamman a ƙasar Rigasa da damina. Motarka tana da tsayi, kana iya kaiwa ga notin ba tare da ɗagawa ba, ka ja birkin hannu ka sa dutse a taya. Tsohon man kuma kada a tuttular a kwata, ƙarshensa kogin Kaduna ne ko rijiyar maƙwabci. Ku zuba a jarka, akwai masu zuwa saye.

In da ni ne kai, ga abin da zan yi. In je wurin babban dila ko gidan mai da na yarda da shi in sayi mai a rufe, in duba hatimin murfi da idona, in karɓi rasit, in sayi filta ta asali ko da ta ninka kuɗi. In kai wa bakanikena in biya kuɗin hannu, wanda bai taka kara ya karya ba. Sannan in tsaya a wurin. Ba lokacin zuwa shan shayi ba ne, minti talatin ne kacal. Ka ga tsohon ya fita, ka ga an buɗe naka an zuba, a tada mota a kashe, a jira kaɗan, ka zaro sandar awo da kanka. Ƙanenka ya tsaya kusa yana kallo sau biyu ko uku, daga nan sai ka ba shi sifanar. Galan ɗin da ya zama fanko kuma ka huda shi da wuƙa kafin ka bar wurin, don masu bi suna sayen fanko ba duka ne ruwa za su zuba a ciki ba.

Da irin lodinka da ƙurar hanya, kada ka wuce kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Ka rubuta kilomita da kwanan wata a kati ka maƙala a gaban mota. Da hunturu kuma ka riƙa duba filtar iska, don ƙurar da ta wuce ta cikin mai take ƙarewa.

Wata tambayar: Baba, na yi wa Kantata mai shan dizal juye, kwana biyu kawai na duba na ga man ya yi baƙi ƙirin. Ko tsohon aka mayar mini?

Direba daga Mando

Ba lalle ba ne, Malam direba. Injin dizal yana fitar da baƙin hayaƙi mai yawa, aikin mai kuma shi ne ya kwashe shi ya riƙe, don haka ko na asali ne a kwana ɗaya ma yana iya baƙi. Launin da zai tada maka hankali shi ne in ka ga ya koma kamar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, ko ka ga yana ƙaruwa a sandar awo yana warin dizal. In ka ga ɗaya daga cikin biyun nan, kashe ta a inda take ka kira bakanike.