Yarona na son ya koma aiki daga gida, in rage masa albashi?

Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya turo tambayar. Yana da yaro mai rubuta masa lissafi, shi ne kuma ke amsa kwastomomi a WhatsApp da Instagram, to yaron ya ce kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfinsa, a bar shi ya riƙa aiki daga gida kwana uku a sati. Alhaji na tambaya ya yarda? In ya yarda kuma ya rage albashi tunda ba kullum zai zo ba?

Alhaji ka yarda, amma albashi kam kar ka taɓa shi. Yaron nan ba ƙarya ya yi ba, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, har gwamnatocin Kwara da Edo sai da suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a lokacin. Kuma ɗan abin da zai rage na mota ai data da caji za su cinye, ka tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Da ni ne kai ma data ɗin wata ni zan riƙa sa masa, in haɗa masa da ƙaramar sola, don gobe kar ya ce maka ba wuta a unguwarsu shi ya sa bai amsa Hajiyar Kaduna ba.

Inda matsalar take ba zamansa a gida ba ne, kaya na shago shi yana gida. Mace za ta turo hoto ta ce wannan kalar akwai? ya ce akwai turmi biyu, ta tura kuɗi, ashe tun ƙarfe goma na safe yaran shago sun sayar wa wani ɗan Maraɗi, sai a koma ba da haƙuri da "ga wata mai kama da ita", daga nan ka rasa kwastoma. Maganin wannan ku buɗe Google Sheets guda ɗaya, wato shafin lissafi na intanet da kowannenku zai iya gani a wayarsa, duk turmin da ya fita a rubuta nan take, in yaran shago ba su iya ba to ko gurup na WhatsApp ya isa, a ɗau hoton rasit a jefa ciki kafin mai kaya ya bar ƙofar shago.

Sai maganar kuɗi, nan fa ba kunya. Ko sisi kar ya shiga asusun yaron, asusun shago kawai, kuma kar a kai kaya tasha saboda an turo hoton alat, sai kai ko wanda ke shago ya buɗe manhajar banki ya ga kuɗin da idonsa.

Abin da 'yan kasuwa suka fi mantawa shi ne layin waya. Layin da kwastomomi suka sani ya zama da sunanka aka yi masa rajista, wayar tana hannunka, shi kuma ka haɗa masa WhatsApp Business ɗin a tasa wayar ko kwamfuta, ana iya haɗa har na'ura huɗu. Ba zargi ba ne wallahi, amma na ga wanda yaronsa ya tashi ya buɗe nasa shagon ya tafi da layi, kwastomomin shekara biyar suka bi shi ba su ma san an rabu ba.

Kar kuma ka ce sai ka riƙa kiransa kowace awa kana ina kana ina, ba zaman ka saya ba, aiki ka saya. Ku yi yarjejeniya a kan abin da ido zai gani, saƙo kar ya wuce minti 30 ba amsa daga safe zuwa magariba, lissafin rana ya iso maka kafin isha'i. Ranakun da zai zo ɗin ka sa Asabar a ciki, ku ƙirga kaya tare turmi-turmi ku gwada da abin da ke rubuce. Ku yi wata ɗaya a haka tukuna, ranar biyan albashi sai ku zauna ku duba cinikin intanet na watan da na wanda ya gabace shi.